Furen Tukunya da Karen Gida

Wannan darasi na maigida ne da uwargida. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tambayar da za mu amsa ita ce wannan: furen nan da a ke kira begoniya, wanda a ke dasawa a tukunya don ado, yana da guba ga kare? Amsar ita ce i, yana da guba, amma ba mai ƙarfi ba. Ya kan sa kare dalalar miyau da amai, da wuya ya kashe shi. To, amma akwai abu biyu a bayan wannan tambaya da suka fi ta nauyi. Na ɗaya, dalalar miyau tana cikin alamomin haukan kare, cutar da ke kashe mutum. Na biyu, a jikin dangarmu akwai itatuwan da suka fi begoniya guba nesa ba kusa ba, yaranmu kuwa a gindinsu su ke wasa. Saboda haka ka daure ka bi darasin har ƙarshe.

MENE NE BEGONIYA?

Begoniya baƙo ne a nan Arewa, shi ya sa sunan Turawa ya biyo shi. Asalinsa kurmi ne mai laima da inuwa, a Amurka ta Kudu da Asiya da wasu sassan Afirka. Masana sun ƙidaya irinsa fiye da 2,000. Wani Bafaranshe masanin tsirrai, Charles Plumier, shi ya raɗa masa suna don girmama wani babban ma'aikacin gwamnatin Faransa mai suna Michel Begon.

Yaya aka yi ya iso ƙauyukanmu? Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya cika da baƙi. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, a 1962 kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Ma'aikata suka zo daga wurare dabam dabam, tare da al'adarsu ta dasa fure don ƙawata gida. Mutanen ƙauyukan kewaye, kamar Bomo da Basawa da Shika, su kan yi aikin lambu a irin waɗannan gidaje. Begoniya kuwa ba shi da wuyar dasawa. In ka karyi reshe ka soka a danshi, sai ya kama. Ta haka ya ke fita daga barandar ma'aikaci ya shiga tsakar gidan manomi, cikin tsohuwar tukunya ko gwangwani.

Ga yadda za ka gane shi. Ka dubi ganyen: ɓangare ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kamar kunnen da ya karkace. Karansa mai taushi ne, cike da ruwa, yana da gaɓa gaɓa. Furensa ja ne, ko fari, ko ja mai haske. A ƙarƙashin ƙasa kuwa iri uku ne. Wani saiwarsa siririya ce kamar ta ciyawa. Wani saiwarsa mai kauri ce, tana kwance kamar citta. Wani kuma ya kan yi curi kamar dankali.

INA GUBAR TA KE?

Kowa ya san abin da ɗanyen gwaza ke yi wa maƙogwaro. Abin da ke kawo wannan ƙaiƙayi wani sinadari ne da likitoci ke kira okzalet. A cikin gwaza kamar ƙananan allurai ya ke, ido ba ya ganinsu, suna soke harshe da maƙogwaro. Begoniya ma yana da dangin wannan sinadari, kuma nasa yana narkewa a ruwa. Shi ke sa ganyen tsami.

In dabba ta ci kaɗan, bakinta da cikinta ne kawai za su yi zafi. In ta ci da yawa, sinadarin ya kan shiga jini ya kama kalsiyam, watau abin da ke gina ƙashi, su haɗu su zama kamar rairayi, su taru a ƙoda su ɓata ta. Gubar tana ko'ina a jikin furen, amma ta fi yawa a abin da ke ƙarƙashin ƙasa, watau saiwa mai kauri da curin nan mai kama da dankali.

Kare ba maciyin ganye ba ne. Ya kan gatsa sau ɗaya ko biyu, ya ji tsami da zafi, ya bari. Wannan shi ne ke tsirar da shi. Akuya da tunkiya da jaki da zomo kuwa ba haka su ke ba. Su kan ci har su ƙoshi, balle da rani sa'ad da ɗanyen ganye ya yi wuya. Don haka ciwon ƙoda ya fi samun su. Kada ka tuge begoniya ka jefa wa awaki.

WANE KARE YA FI SHIGA HATSARI?

Begoniya ba ya jure rana da iskar hunturu. Saboda haka a kan ajiye tukunyarsa a inuwa, kusa da randa ko makwarara, a riƙa ba shi ruwa. Da bazara, sa'ad da ƙasa ta yi zafi, nan ne kare ke neman sanyi. Sai ya tone danshin tukunya don ya kwanta, ya tarar da curin, ya ɗauke shi abin wasa.

Kwikwiyo ya fi babban kare shiga wannan hatsari. Tsakanin wata 3 da wata 6 yana canjin haƙori, kome ya samu taunawa ya ke yi, jikinsa kuma ƙarami ne. Haka nan karen da aka ɗaure yini guda ba ruwa, ya kan tauna duk wani abu mai danshi da igiyarsa ta kai.

ALAMOMI

Karen da ya tauna begoniya ba ya daɗewa kafin a gani. Miyau zai riƙa zuba daga bakinsa. Zai riƙa lasar baki, yana shafa shi da ƙafar gaba, yana kaɗa kai. Ya kan yi amai, wani lokaci da gutsattsarin ganye a ciki. Ya kan ƙi abinci. Amma hankalinsa yana nan, ya san maigidansa, in an kira shi ya kaɗa wutsiya. Yawanci kafin gari ya sake wayewa ya warware.

HATTARA DA HAUKAN KARE

Ya kai mai karatu, in ka manta da kome cikin wannan darasi, kada ka manta da wannan sashe.

Haukan kare ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana cikin miyaun dabbar da ta kamu. Tana shiga jikin mutum ta cizo, ko yakushi, ko in miyaun ya taɓa wani rauni ko ido ko baki. Daga nan ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci wata 2 ko 3 ta kan yi kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. In ta bayyana kuwa, sai dai a yi haƙuri, kusan ba mai tashi. Lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi ya nuna mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Mutane da yawa suna tsammani mahaukacin kare shi ne mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Wannan iri ɗaya ke nan. Akwai iri na biyu mai shiru. Karen ba ya faɗa. Muƙamuƙinsa ne ke saki, baki ya zauna a buɗe, miyau yana zuba, ya kasa haɗiya. Kai ka ce ƙashi ne ya maƙale masa. Sai maigida ya ji tausayi ya zura hannu don ya ciro, ya kwaso ajalinsa.

Kuma ka lura da wannan. Mahaukacin kare ya kan tauna abin da kare mai lafiya ba ya ci, kamar itace da dutse da tsumma da ganye. Saboda haka ganin tukunyar fure a tone bai isa shaida cewa fure ne kawai ke damunsa ba.

Ga abin da zai sa ka yi zaton hauka. Halin karen ya sake, mai haƙuri ya zama mafaɗaci, ko mafaɗaci ya yi laushi ba dalili. Muryarsa ta sake. Yana tangaɗi, ko ƙafafun baya sun mutu. Wani kare ya cije shi a kwanakin baya. Ba a taɓa yi masa allurar rigakafi ba. Ciwon fure kullum sauƙi ya ke yi, hauka kuwa kullum gaba ya ke yi, kuma karen da ya fara nuna alama ba ya wuce kwana 10 bai mutu ba.

Dokar ita ce: duk karen da ke dalalar miyau, kada hannunka ya shiga bakinsa, ko da kai ka rene shi tun yana kwikwiyo.

In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa, a yi ta kwarara har minti 15. Kada a sa barkono ko toka ko ganye. A tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Allurar rigakafi tana hana cutar in an fara ta da wuri, amma lalle a cika adadin da likita ya faɗa. Wani Bafaranshe mai suna Louis Pasteur ya fara gwada irin wannan allura a 1885, a jikin yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, yaron kuwa ya rayu. Karen da ya yi cizon a tsare shi, a gaya wa malamin dabbobi, a sa masa ido kwana 10. Amma ba a jiran kwanakin nan su cika kafin a fara yi wa mutum allura.

ABIN DA ZA KA YI WA KAREN DA YA CI FURE

1. Ka kori yara daga wurin.
2. Ka ɗauke tukunyar da abin da ya rage na furen.
3. Ka tsare karen a inuwa, inda ba zai fita ba, wata dabba kuma ba za ta shiga ba.
4. Ka ajiye masa ruwa mai tsabta a kasko, ya sha da kansa. In da nono ko madara, ka zuba masa kaɗan, don kalsiyam da ke ciki ya kan rage zafin.
5. Ka bar shi ba abinci na 'yan sa'o'i, sa'an nan ka ba shi kaɗan mai taushi.
6. Ka rufe aman da ƙasa ka kwashe da shebur, ka wanke hannunka da sabulu.

Ka kai shi wurin malamin dabbobi ba tare da jinkiri ba in kwikwiyo ne ya ci curin, ko aman ya ƙi tsayawa, ko da jini a ciki, ko wuya ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiki yana rawa, ko ya yini bai yi fitsari ba. Ka tafi da reshen furen da ganyensa, don a san abin da ya ci. A Samaru akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Wanda ya ke nesa ya nemi malamin dabbobi na gwamnati da ke kusa da shi. In kana zaton hauka ne, kada ka ɗauki karen. Ka kulle shi, kai ka je ka kira malamin.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

Kada ka ɗura masa manja ko man gyaɗa. Mai ba ya kashe guba, in kuwa ya bi hanyar numfashi sai ya ɓata huhu. Kada ka ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, gishiri mai yawa shi ma guba ne. Kada ka ba shi kananzir. Kada ka ba shi ƙwayar ciwon kai ko ta ciwon jiki irin ta mutane, don ta kan ɓata hantar kare da ƙodarsa.

ITATUWAN DA SUKA FI BEGONIYA GUBA

Yanzu mu fita daga tukunya mu zaga danga. Kakanninmu sun san waɗannan itatuwa sarai, sun ba su sunaye. Wani likita, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su cikin littafi a 1916. Ilimin namu ne tun asali, kada mu bari ya ɓace.

Bini-da-zugu. A kan yi shinge da shi. Sunansa ma gargaɗi ne, don zugu farin saƙi ne da a kan yi likkafani da shi. 'Ya'yansa baƙaƙe ne, suna da ɗanɗano kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke ci. Yana kawo amai da gudawa mai tsanani, har ruwan jiki ya ƙare.

Zurma. Ƙwayarta mai zane ce, kamar kaskar da ta sha jini. In an tauna, 'yan kaɗan sun isa su halaka yaro ko kare. Tunkuzar da ta rage bayan an matse mai ita ma guba ce, kada a bar ta inda dabba za ta kai.

Idon zakara. Yana yaɗo a danga, ƙwayarsa ja ce mai ɗigon baƙi. Yara suna tara ta don wasa. Hatsarinta ya fi yawa in an fasa ta ko an huda ta. Ciwon ya kan yi jinkirin bayyana, har kwana ɗaya ko fiye, saboda haka kada a ce yaro ya tsira don an ga yana wasa.

Zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro. Yana fitowa a juji, furensa kamar kakaki, 'ya'yansa masu ƙaya. Yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, jiki ya yi zafi, mutum ya riƙa sambatu.

Ƙarya. Itace ne mai gindi kamar tulu, mai jan fure da rani. Maharban da sun sa shi cikin dafin kibiya. Yanzu a kan dasa shi a tukunya don ado. Gubarsa zuciya ta ke kamawa.

Tebetiya. Baƙon itace ne mai siraran ganye dogaye da fure rawaya kamar mazurari. A kan shuka shi a makarantu da ofisoshi. Shi ma zuciya ya ke kamawa, ƙwaya ɗaya ko biyu tana iya halaka yaro.

Difenbakiya. Furen tukunya ne mai faffaɗan ganye da ɗigo ɗigon fari, karansa kamar rake. Yana da allurai irin na gwaza, amma sun fi zafi. Ya kan kumbura harshe har mutum ya kasa magana.

Tumfafiya da tinya. Farin ruwansu mai kama da nono yana ƙona ido. In ya shiga, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti.

IN YARO NE YA CI

Uwargida, wannan naki ne. Ki cire abin da ya rage a bakinsa, ki wanke bakin da hannuwansa. In yana cikin hankalinsa ki ba shi ruwa kaɗan ya kurɓa. Kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ɗura masa manja. Ki tambayi abokan wasansa abin da suka ci, da yawansa, da lokacin, don sau da yawa ba shi kaɗai ya ci ba. Ki tambaye su da lallashi. Yaron da ya ga bulala ba ya faɗin gaskiya.

Ki ɗauki reshen itacen da 'ya'yansa, ku zo ɗakin magani nan da nan, kada ki jira alama ta fito. In yana amai da gudawa, ki dama garin gishiri da sukari na ƙunshi, wanda a ke bayarwa a ɗakin magani, cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba shi kaɗan kaɗan a hanya. In barci ya rinjaye shi, ki kwantar da shi a gefe, kada ki ba shi kome ta baki. Mu ma'aikatan ɗakin magani, in muka ga abin ya fi ƙarfinmu, za mu tura ku babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. In an tura ku, ku tafi a lokacin.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ba mu ce a daina dasa fure ba. Gida mai tsabta da ado abin so ne. Amma a kiyaye waɗannan:

1. Kada ka karɓi dashen da ba ka san sunansa ba. Ka tambayi mai ba ka.
2. Ka ɗora tukunyar fure a bisa, ko ka rataye ta, inda kare da akuya da mai rarrafe ba za su kai ba.
3. In ka sake wa fure ƙasa, ka binne curin da saiwar da ka yar cikin rami mai zurfi.
4. Ka ajiye wa karenka ruwa kullum, ka yi masa wurin kwana mai inuwa, ba zai nemi tukunyarka ba.
5. Ka tuge zaƙami da zurma da idon zakara daga inda yara ke wasa. In shingenka na bini-da-zugu ne, ka riƙa kaɗe 'ya'yan tun suna ɗanye.
6. Ka zaga da yaranka ka nuna musu itatuwan nan ɗaya ɗaya, ka faɗa musu sunayensu.
7. Ka kai karenka a yi masa allurar hauka tun yana wata 3, ka kuma maimaita kowace shekara. Ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Vom, kusa da Jos, wanda aka kafa a 1924, yana cikin masu yin wannan allura. Ka adana takardar shaidar, don ranar da karen ya ciji ɗan maƙwabci za a tambaye ka ita.

TAMBAYOYI

1. Wane sashe na begoniya ya fi guba?
2. Don me ya fi cutar akuya bisa kare?
3. Don me ba a sa hannu a bakin kare mai dalalar miyau?
4. Minti nawa a ke wanke cizon kare, da me a ke wankewa?
5. Waɗanne itatuwa masu guba ne ke cikin gidanka ko jikin dangarka yau?

Tambaya ta biyar ba a zaune a ke amsa ta ba. Ka tashi ka zaga gidanka ka duba. Karen da ke gadin gidanka da dare amana ne a hannunka, yaranka kuwa sun fi shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.